Me ya sa ciyawar da muke shibkawa ba ta kamawa a baƙar laka?

Kowace shekara idan damana ta kusa, ƙungiyoyin makiyaya da nake zagayawa a jahohin Tawa, Maraɗi da Damagaram sukan tara kuɗi su sayi irin ciyawa, wasu kuma tun kaka suke tura mata da samari su tsinko shi. Burinsu ɗaya ne, a farfaɗo da makiyayar da garmani ya cinye ko wadda ta koma fili tsirara, domin bisashe su sami abin ci lokacin bazara. A jigawa, da kan fakon da aka yi wa rabin wata, sau da yawa aikin yakan yi kyau. Amma akwai ƙasar da ke ba mu kunya kusan kullum, ita ce baƙar laka ta cikin kwari, wadda kowa ya yarda ta fi duk ƙasar yankin ƙarfi.

Abin da ke biyo baya na sha ganinsa a taron ƙungiya. Wani ya ce mai iri ya cuce su, wani ya ce mai gadi ya bar awaki sun shiga da dare, wani kuma ya fara tambayar inda kuɗin suka shiga. Ƙungiyar da ta yi shekaru tana tafiya lafiya sai ka ga ta rabu biyu a kan ciyawar da ba ta fito ba. Gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza, amma a nan yawanci dalilin yana cikin ƙasar kanta, kuma a makonnin farko bayan shibka ake yin asarar.

Asarar ba ƙarama ba ce. Idan ma'aikatan kiwo za su lissafa abincin dabbobi na shekara, sukan ɗauki dabba mai nauyin kilo 250 a matsayin ma'auni. Irin wannan dabba tana buƙatar busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata a rana, wato kusan kilo 1,700 cikin kwana 270 na rani. Garke mai irinta goma yana neman tan 17. Wanda ya ga shekarar 2010 ya san abin da ke faruwa idan lissafin nan bai cika ba: shanu suka rame har ba sa iya tashi, ruwan farko da ake jira kuma ya ƙarasa da yawa daga cikinsu. Fadamun laka su ne ya kamata su zama rumbun ciyawarmu, shi ya sa ya dace mu fahimci halinsu.

Wace ƙasa ce wannan?

Duk manomi ya san jigawa, ya san geza, ya san fako. Lakar da nake nufi daban take. Baƙa ce ko toka-toka mai duhu. Da rani takan tsattsage har hannu ya shiga tsagar, da damana kuma ta kumbura ta rufe, ta manne wa ƙafa da kofato. Idan ka jiƙa ta ka murza a tafin hannu za ta yi igiya, ka lanƙwasa ta ta yi zobe ba ta karye ba. Bagaruwa na son ta, inda ruwa ke daɗewa kuma za ka ga giyayya. Ana samun ta a wasu sassan kwarin Majiya da na Tarka, a ƙasan Gulbin Maraɗi, a kwaruruwan Damargu, a wajen Gaya kusa da kogi, da kuma gefen tabkuna masu yawa.

Ƙarfinta ba ƙarya ba ne. Dawa na yin kyau a cikinta, itacen da ya kafu kuma yana jure rani. Wahalar tana ga ƙaramin iri, kafin ya kai ga cin moriyar wannan ƙarfi.

Ruwan da ya ishi jigawa bai ishi laka ba

Irin komayya, na kyasuwa ko na gamba ƙanana ne ƙwarai, guzurin da ke cikinsu kaɗan ne. Idan aka binne su fiye da santimita ɗaya, wato rabin gaɓar yatsa, tsiron ba zai kai sama ba. Dole su zauna a saman ƙasa, kuma saman laka shi ne wuri mafi wuya gare su.

A ƙiyasi, ruwan sama milimita 10 yakan jiƙa rairayi zurfin santimita 10, amma a busasshiyar laka bai cika wuce santimita 2 ba. Ga shi kuma laka tana riƙe ruwa da ƙarfi, wani kaso daga cikinsa saiwa ba ta iya zuƙa ko da ka ji sanyi a hannu. Ruwan da ya tsaya a sama rana take fara shanyewa. Saboda haka yayyafin watan Yuni da zai riƙe shibka mako guda a jigawa, a laka kwana ɗaya ko biyu zai yi ya tafi.

A nan ne tarkon yake. Wannan ɗan ruwa ya isa ya farkar da iri, ya kumbura ya fara tsira, amma bai isa ya raya shi ba. Irin da bai jiƙe ba yana iya jiran wani ruwa. Wanda ya fara tsira ya bushe ya mutu ke nan, kuma ba wanda zai gan shi, domin bai ma leƙo sama ba. Sai a ce iri ne maras kyau.

Akwai kuma yadda saman laka yake bushewa ya zama ƙananan dunƙule. Ƙwayar da ta faɗa tsakaninsu tana rataye ne a iska, ba ta manne da ƙasa yadda za ta sha danshi ba.

Saiwa ta biyu ita ce rai

Ko da tsiro ya fito fili ya yi kore, aiki bai ƙare ba. Ciyawa takan fara da saiwa ɗaya siririya kamar zare, wadda ba ta iya ɗaukar nauyinta na dogon lokaci. Saiwoyi masu kauri da za su riƙe ta daga gindin tsiron suke fitowa, dab da saman ƙasa, bayan ya yi ƴan ganyaye. Waɗannan saiwoyi ba sa shiga busasshiyar ƙasa. Sai saman ya zauna da laima kwanaki a jere kafin su kama.

A laka, irin waɗannan kwanaki ba su da yawa kafin damana ta zauna sosai. Shi ya sa za ka ga fili ya yi kore a mako na biyu, kowa na murna, a mako na huɗu kuma ya koma baƙi, alhali idan ka tona taƙi ɗaya za ka tarar da danshi. Ruwan yana nan, tsiron ne bai da igiyar da zai jawo shi. Kuna iya gwadawa da kanku: ku ja tsiro a hankali da yatsa biyu. Idan ya zaro da zare ɗaya, bai kafu ba tukuna. Idan ya yi gardama, kuka ga farare masu kauri uku ko huɗu a gindinsa, to ya tsallake.

Ɓawo, tsaga da zafi

Abubuwa uku suna ƙara tsananta lamarin. Na farko ɓawon ƙasa. Idan ruwa mai ƙarfi ya doki lakar da ba ta da rufi, saman yakan narke ya zama kamar yaɓe, rana ta fito ya bushe ya yi tauri. Ƙwayar dawa ko ta wake tana da ƙarfin da za ta ɗaga shi, tsiron komayya ba ya da shi. Inda ƙasar ke da kanwa abin ya fi muni. Ku jefa busasshen dunƙule cikin kofin ruwan sama, kada ku motsa. Idan ruwan da ke kewaye da shi ya yi dusu-dusu kamar an zuba madara, wannan ƙasa za ta yi ta yin ɓawo, gara a nemi wani wuri.

Na biyu tsagewa. Irin da aka watsa tun rani, kafin ƙasa ta rufe, da yawansa yakan gangara cikin tsaga tare da ruwan farko, ƙasa ta kumbura ta binne shi a zurfin da ba zai fito ba. Idan kuma aka sami fari bayan tsira, sabuwar tsaga takan tsinke wannan saiwa ɗaya tilo.

Na uku zafi. Baƙar ƙasa tana shan rana fiye da farin rairayi, da tsakar rana samanta yakan wuce digiri 50. Daidai nan wuyan tsiron yake, wurin da saiwa ta biyu za ta fito.

Idan Agusta ta zo da nata

Abin da ya tsira daga bushewa yana da wani gwaji a gaba. Da zarar laka ta ƙoshi ta rufe, ruwa ba ya ƙara shiga sai kaɗan-kaɗan, sauran ya kwanta a sama. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. Komayya da ƙarangiya ƴaƴan jigawa ne, kwanciyar ruwa ta ƴan kwanaki takan sa su yi rawaya su ruɓe. Gambar da muka sani a iyakokin gonaki ma ta fi son ƙasar da ruwa ke wucewa.

A nan ne ake yawan yin kuskure da rabin wata. Rabin wata da tassa da sauran dabarun tare ruwa sun yi suna a ƙasar Adar, musamman tun aikin Kaita da aka fara a 1984, kuma sun cancanci sunan. Amma an yi su ne domin fako da gangaren da ruwa ke gudu ya bar su a bushe. Idan aka haƙa su a ƙasan kwari mai laka, inda ruwa dama yake taruwa, sai kowane rami ya zama ɗan tabki, irin da aka zuba a cikinsa ya nutse. Maganin fako daban, na laka daban.

Sauran masu laifi

Ba na wanke iri gaba ɗaya. Buhun gamba ko kyasuwa yawancinsa gashi ne da ƙaiƙayi, ƙwaya mai rai ba ta da yawa, wadda aka tsinka ɗanya kuma ba ta tsira. Kafin ƙungiya ta biya kuɗi, a ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa har mako biyu, a ƙirga waɗanda suka tsira. Tururuwa da tsuntsaye kuma suna kwashe irin da ya daɗe a fili yana jiran ruwa. Tafasa da sauran hakin da ya saba da wurin sukan riga namu tashi su rufe shi da inuwa. Sai kofato: garke ɗaya da ya ratsa jiƙaƙƙiyar laka ya isa ya tattake aikin wata guda.

Darasi daga masu masakwa

A yankin tabkin Cadi akwai baƙar laka mai faɗi wadda a Barno ake kira firki, ana kuma samun irinta a arewacin Kamaru da Cadi. Manoman can sun daɗe da gane halin wannan ƙasa. Dawar da suke kira masakwa ba watsa ta suke yi ba. Sukan raini irin a wani wuri har ya yi wata ɗaya ko kwana arba'in. Idan damana ta ƙare ruwa ya janye, sai su huda rami mai zurfin kusan taƙi da sanda mai tsini, su zuba ɗan ruwa, su dasa. Daga nan ba ta ƙara ganin ruwan sama ba har a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu. Danshin da laka ta adana shi ke ciyar da ita.

Hikimar ita ce sun tsallake saman ƙasa, inda ake mutuwa, sun kai saiwa kai tsaye inda ruwa yake. Wannan hanya ce nake ba ƙungiyoyi shawara su bi da ciyawa.

A raba filin gida uku

Kafin a sayi ko tiya ɗaya ta iri, kwamiti ya zagaya filin tare da dattawan da suka san inda ruwa ke kwanciya da tsawon lokacin da yake yi. Kusan kowace fadama tana da tsakiya, da gefe, da baki.

A tsakiya, inda ruwa ke yin wata uku ko fiye, burgu ne ya dace. Mutanen bakin kogi a Tilaberi da Gaya sun san darajarsa, a Yamai ma dami-dami ake sayar da shi ga masu kiwon turke. Da kara ake dasa shi: a yanko mai gaɓa uku ko huɗu, a soka a taɓo lokacin da ruwa ya fara shigowa, a bar kansa a waje. Yana bin ruwa yana tsawo, muddin ruwan bai hau kansa gaba ɗaya da sauri ba.

A gefe, inda ruwa ke zuwa ya janye, a yi amfani da abin da dama ke zaune a laka. Jema da ƙiri-ƙiri ana dasa su, jema ta hanyar tsaga tushe, ƙiri-ƙiri da yaɗonsa. Jema bisashe tohonta kawai suke ci, amma tana riƙe ƙasa tana tare zaizaya. Sabe da garaji sukan dawo da kansu idan aka bar su suka zubar da iri shekara ɗaya. Idan ruwa ya janye kuma, wannan wuri ne na lablab, wanda manoman kwaruruwan jahar Tawa suka daɗe suna shibkawa bayan damana. Ƙwayarsa babba ce, ana iya sa ta zurfin santimita 3 zuwa 5 cikin danshi, saiwarsa tana bin ruwa ƙasa, harawarsa kuma tana gina jikin dabba a lokacin da ciyawa ta zama kara. Abin da ba ya so shi ne a shibka shi ruwa na kwance.

A baki, inda laka ke haɗuwa da geza kuma ruwa ba ya kwanciya, nan ne wurin kyasuwa da gamba. Gamba ta fi kamawa idan aka tsaga tsohon tushe, aka rage ganyen zuwa taƙi ɗaya, aka dasa a kan kunya cikin watan Yuli.

Idan dole sai an watsa iri

Kada a bi ruwan farko. A jira har tsaga ta rufe. A soka sandar ƙarfe a ƙasa: takan shige da sauƙi a jiƙaƙƙiyar laka ta tsaya inda bushewa ta fara. Idan ba ta kai kamu ɗaya ba, lokaci bai yi ba. A mafi yawan shekaru wannan yakan kai mu cikin watan Yuli, lokacin da ruwa ke bin juna. Jiran yana da wani amfani, domin hakin da ya fara fitowa sai a nome shi kafin a zuba namu.

A gauraya iri da rairayi domin ya watsu daidai, a zuba a kan ƙananan kunyoyi, a danna shi da ƙafa lokacin da saman ya sha iska ba ya mannewa. Sannan a rufa da karan hatsi ko rassan sabara da kalgo, rufi mai shara-shara yadda ana hango ƙasa. Wannan rufi yana karya ƙarfin ɗigon ruwa, yana rage zafi, yana ƙara wa danshi kwanaki, gara kuma ta zo ta huda ƙasar. Na san kara yana da tsada, shi ma abincin dabba ne. Saboda haka a yi layi-layi, a bar fili tsakani. Layin da ya kama zai watsa iri zuwa sauran a shekara mai zuwa.

A hana kiwo har ciyawa ta zubar da iri. Kuma tun kafin a fara, a je ga kwamitin kula da filaye na ƙauye ko na komin, wanda aka fi sani da Kofo, a rubuta matsayin wurin kamar yadda dokar karkara ta 1993 ta tanada. Fadamar da ta yi kyau tana da masoya da yawa, yarjejeniyar baki kuma ba ta cika tsayawa ba idan burgu ya fara kawo kuɗi.

Kada ciyawa ta zo da cuta

Fadamar da ta farfaɗo tana da nata haɗari ga bisashe. Tsutsar hanta tana girma ne a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan kwance, ƴaƴanta su fito su manne a ciyawa, dabba ta haɗiye. Alamunta sun haɗa da ramewa duk da ana ci, farin ido, da kumburi a ƙarƙashin haɓa. Yankan burgu a shanya shi ya bushe sosai, a ajiye shi ya kwana biyu kafin a bayar, yana rage haɗarin fiye da sakin garke cikin ruwa. Wanda dabbobinsa ke kiwo a fadama ya nemi likitan dabbobi ko mataimakinsa na ƙauye a ƙarshen damana domin maganin da ya dace da nauyin dabba.

Tsayuwa cikin taɓo tana tausasa kofaton tumaki da awaki har ya ruɓe, don haka makwancinsu ya kasance a tudu. Idan kuma an san fadamar da tarihin ciwon saifa, a yi allurar rigakafi kafin a shiga, domin ƙwayar cutar tana yin shekaru masu yawa a cikin ƙasa. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Shawarata ta ƙarshe ga ƙungiyar da ta taɓa yin asara a laka ita ce ta fara da kaɗan. Kwatan hekta ya isa gwaji: sashe ɗaya dashe, sashe ɗaya watsi da rufi, sashe ɗaya a killace kawai a ga abin da ƙasar za ta fitar da kanta. Sakatare ya rubuta ranar kowane ruwa, ranar shibka, da kwanakin da ruwa ya kwanta. Idan kaka ta yi, mambobi su je su gani da idonsu, sannan a yanke shawarar inda kuɗin baɗi za su tafi. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana dukiya.